Dashen Hanta: Aikin Yini Guda, Jinyar Tsawon Rai



Idan Bahaushe zai kwatanta mutum biyu da ba sa rabuwa, sai ya ce suna zaman hanta da jini. Wannan magana ta magabata ta dace da abin da likitoci suka tabbatar, domin kimanin lita ɗaya da rabi na jini ne ke ratsa hantar babban mutum a cikin kowane minti guda. Hanta tana kwance a gefen dama na ciki, ƙarƙashin haƙarƙari, kuma nauyinta yakan kai kilo ɗaya da rabi. Ita ce ke tace guba daga jini, ita ke sarrafa abinci da magungunan da muke sha, ita ke ajiye sukari don lokacin buƙata, ita ke samar da sinadaran da ke sa jini ya daskare idan an ji rauni, ita ce kuma ke fitar da ruwan ɗacin nan da ke taruwa a matsarmama yana narkar da maiƙo. Idan ƙoda ta gaza, akwai na'urar wankin jini da za ta riƙe mutum shekaru. Hanta kuwa har yau ba a ƙera injin da zai tsaya a madadinta na dogon lokaci ba. Don haka idan ta mutu murus, abin da ya rage a hannun likitoci shi ne a cire ta a dasa wata.

A ƴan shekarun nan gidaje da yawa a garuruwanmu sun ji wannan kalma daga bakin likita: sai dai dashe. Daga nan sai hankali ya tashi, dangi su taru, a sayar da gona ko fili ko garke, a nemi biza zuwa Indiya ko Masar ko Turkiyya ko Saudiyya. Abin da aka fi sa wa ido shi ne kuɗin aikin da ranar aikin. Amma ranar aiki yini guda ce. Abin da ke biye da ita, wato magani na kullum da gwajin jini da kiyaye jiki, shi ne ke tafiya da mutum har ƙarshen rayuwarsa, kuma a nan ne dashe yake yin kyau ko ya lalace. Manufar wannan rubutu ita ce iyali su san dukkan hanyar tun kafin su ɗaga ƙafa.

Su wa ake yi wa dashe?

Mafi yawan masu buƙatar dashe su ne waɗanda hantarsu ta daɗe tana ciwo har ta cika da tabo, ta yi tauri, ta ƙanƙance. A yankinmu babban dalilin haka shi ne ƙwayar cutar hanta nau'in B. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 mutum miliyan 254 ne ke ɗauke da wannan ƙwaya a duniya, kimanin miliyan 65 daga cikinsu a yankin Afirka. Sai kuma nau'in C, da shan giya, da taruwar kitse a hanta wanda ke tafiya tare da ƙiba da ciwon sukari. Akwai jariran da ake haifa da toshewar hanyar ruwan ɗaci, waɗanda shawararsu ba ta washewa bayan makonni biyu kuma kashinsu yakan zama fari-fari. Akwai kuma waɗanda hantarsu ke tsayawa kwatsam cikin ƴan kwanaki, saboda wata guba ko shan magani fiye da kima, kamar parasetamol.

Hanta mai haƙuri ce, tana iya yin shekaru ashirin tana lalacewa ba tare da mai ita ya ji komai ba. Alamun da ke nuna ta kai maƙura su ne ruwa ya taru a ciki har ya kumbura, ƙafafu su haye, ido ya yi rawaya, jiki ya rame, mutum ya yi aman jini ko baƙin kashi, ko kuma ya riƙa ruɗewa yana magana ba kan gado, yana barcin rana da farkawar dare. Wannan ruɗewa gubar da hanta ta kasa tacewa ce ke hawa ƙwaƙwalwa. Sau da yawa a gida akan ɗauka taɓin iska ne ko sammu, a yi ta neman taimako wani wuri alhali asibiti ne ya kamata a nufa.

Ba duk mai ciwon hanta ne ke buƙatar dashe ba, kuma ba duk mai buƙata ne za a iya yi wa ba. Likitoci suna da wani ma'auni da suke haɗawa daga sakamakon gwajin jini, mai tashi daga maki 6 zuwa 40, wanda ke nuna tsananin ciwon. Idan sankarar hanta ce, akasarin asibitoci suna bin ƙa'idar da likitocin birnin Milan na Italiya suka fitar a 1996: ƙari guda wanda bai wuce santimita 5 ba, ko ƙari uku waɗanda kowannensu bai wuce santimita 3 ba, kuma cutar ba ta shiga jijiyoyin jini ko ta fita wajen hanta ba. Idan ta bazu zuwa huhu ko ƙashi, dashe ba ya warkar da ita. Ya kamata iyali su nemi a faɗa musu gaskiyar wannan tun suna gida, kafin a kashe dukiya a kan tafiyar da ba za ta haifar da ɗa mai ido ba.

Daga ina hantar take fitowa?

Likitan da ya fara dasa wa ɗan Adam hanta shi ne Thomas Starzl, a birnin Denver na Amurka, a shekarar 1963. Yaron da aka yi wa aikin, mai shekara uku, bai fita daga ɗakin tiyata da rai ba. Sai a 1967 aka samu wata yarinya da ta rayu fiye da shekara guda bayan dashe. Har zuwa ƙarshen shekarun 1970, kimanin mutum ɗaya ne cikin uku ke cika shekara. Abin da ya sauya al'amarin shi ne samun maganin siklosporin a farkon shekarun 1980, daga baya kuma takrolimus, waɗanda ke hana jiki yaƙar baƙuwar hanta. A yau, a manyan asibitocin da suka ƙware, kimanin mutum tara cikin goma suna cika shekara guda, kuma kimanin uku cikin huɗu suna wuce shekara biyar. Akwai waɗanda suka yi shekara ashirin da talatin da hantar wani a jikinsu.

Hanya biyu ce ake samun hanta. Ta farko daga wanda ya rasu, da izininsa ko na magadansa. Wannan ita ce ta fi yawa a Turai da Amurka, sai dai jerin masu jira yana da tsawo kuma ƴan ƙasa ake fara ba wa, don haka baƙo ba ya sa rai da ita. Ta biyu daga mai rai, kuma ita ce hanyar da kusan duk wanda ya fita daga ƙasashenmu yake bi. Abin da ya sa hakan ke yiwuwa wata baiwa ce da Allah ya keɓe hanta da ita: idan aka yanke wani sashe nata, ragowar takan tofo ta cike gurbin. An fara cin nasarar wannan aiki a ƙasar Ostareliya a 1989, inda wata uwa ta ba wa ƙaramin ɗanta wani yanki na hantarta. Idan yaro ne za a yi wa, ƙaramin yanki na gefen hagu ya isa. Idan babba ne, yawanci sashen dama ake ɗauka, wanda ya kai kusan kashi 60 cikin 100 na hantar, tare da tabbatar da cewa abin da ya rage wa mai bayarwa bai gaza kashi 30 ba.

Hausawa sun ce ɗan uwa rabin jiki, kuma a nan maganar ta zama zahiri. Amma dole a faɗa wa mai bayarwa gaskiya. Shi lafiyayye ne da za a yi wa babban aiki ba don amfanin jikinsa ba. Za a cire masa matsarmama tare da yankin hantar, zai yi kimanin mako guda a asibiti, kuma zai ɗauki wata biyu zuwa uku kafin ya koma aikin ƙarfi. Mafi yawan hantarsa takan dawo cikin ƴan watanni. Wasu kan gamu da yoyon ruwan ɗaci ko ciwon rauni ko daskarewar jini a jijiya, kuma cikin kowane mutum 1,000 da suka bayar, ɗaya zuwa biyar kan rasa ransa. Don haka ba a tilasta wa kowa. Kada a matsa wa ƙaramin ƙane don ba ya iya musu da manya, kada a matsa wa mace don tsoron igiyar aurenta. Asibitocin kirki sukan gana da mai bayarwa shi kaɗai, kuma yana da ikon janyewa ko da ana gobe aiki.

Akwai wani abu da ke ba gidajenmu mamaki. Tun da ƙwayar nau'in B takan bi ta uwa zuwa ƴaƴanta ko ta yaɗu tsakanin yara a gida ɗaya, sau da yawa idan aka gwada ƴan uwan majinyaci sai a tarar su ma suna ɗauke da ita, kuma wanda ke ɗauke da ita ba a karɓar hantarsa. Ya fi kyau a yi wa duk masu niyyar bayarwa gwajin rukunin jini da na cutar hanta tun a gida, kada a sayi tikitin jirgi sai an isa can a ce bai dace ba. Mai rukunin O yana iya ba kowa, mai AB yana iya karɓa daga kowa. Yawanci ana neman wanda ya kai shekara 18 kuma bai wuce 55 ko 60 ba, ba shi da ƙiba mai yawa ko wani ciwo mai tsanani.

Abin da malamai suka ce

Tambayar farko da Musulmi ke yi ita ce: shin ya halatta? Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗatul Alamil Islami ta zauna a Makka a 1985 ta halatta ɗaukar wani sashe daga mai rai don ceton wani, da sharaɗin kada a cutar da mai bayarwa cutarwar da za ta lalata rayuwarsa, kuma ya bayar da yardarsa. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zauna a Jidda a 1988 ta tabbatar da halaccin, ta hana ɗaukar gaɓar da rayuwar mai ita ta dogara a kanta kamar zuciya, ta halatta ɗauka daga mamaci da izininsa ko na magadansa, sannan ta haramta sayar da sassan jikin mutum. Akwai malaman da suka saɓa, irin su Shaihu Muhammad Mutawalli Sha'arawi na Masar, wanda ke ganin jiki amanar Allah ce da bawa ba shi da ikon kyautar da ita. Sai dai mafi rinjayen majalisun fatawa na wannan zamani suna kan halacci.

A kan haramcin ciniki kuwa shari'a da dokokin duniya sun haɗu. A 2008 likitocin dashe na ƙasashe da dama sun fitar da sanarwar birnin Istambul da ke yaƙi da fataucin sassan jiki. Ƙasashen da ake zuwa suna neman takardun da ke tabbatar da dangantaka tsakanin mai bayarwa da mai karɓa, kuma akwai kwamitin da ke bincike kafin a ba da izini. Duk dillalin da ya ce zai samo muku mai bayarwa a can idan kun biya, to ku guje shi, domin yana jan ku ne zuwa ga haram da kurkuku da aikin ɓoye mai hatsari.

Kafin ranar aiki

Idan an isa asibitin, akan ɗauki mako ɗaya zuwa uku ana bincike. Za a duba zuciya da huhu da ƙoda don a ga ko jiki zai jure, a ɗauki hoton hanta da jijiyoyinta, a nemi tarin fuka ko wata cuta da ke ɓoye, har haƙora sai an duba, domin ruɓaɓɓen haƙori yana iya zama ƙofar cuta idan an rage ƙarfin garkuwar jiki. Wanda giya ce ta lalata masa hanta, asibitoci da yawa suna neman ya nuna ya bar ta aƙalla wata shida. Mai shan taba sai ya daina. Ana kuma ƙarfafa majinyaci ya ci abinci mai gina jiki kuma ya riƙa tattaki gwargwadon iko, domin wanda ya shiga aiki da ɗan ƙarfinsa ya fi saurin tashi.

Ranar aiki

Idan daga mai rai ne, ɗakuna biyu ake buɗewa a lokaci guda, da ayarin likitoci biyu. Ana sa majinyaci barci gaba ɗaya, ba ya jin komai. Likita zai tsaga saman ciki ƙarƙashin haƙarƙari, ya raba tsohuwar hanta da abin da ke kewaye da ita, ya cire ta ɗungurungum. Wannan mataki shi ne mafi wuya, domin jinin mai ciwon hanta ba ya saurin daskarewa kuma jijiyoyin cikinsa sun kumbura, shi ya sa ake tanadar jini mai yawa. Daga nan sai a sa sabuwar a gurbinta a ɗinke hanyoyi huɗu: jijiyar da ke fitar da jini daga hanta zuwa zuciya, babbar jijiyar da ke kawo jini daga hanji, ƙaramar jijiyar da ke kawo jini mai iska, da kuma hanyar ruwan ɗaci. Wasu daga cikin waɗannan ba su fi kaurin tsinken tsintsiya biyu ko uku ba, sai da gilashin ƙara girma ake ɗinke su. Aikin yakan ci awa shida zuwa goma sha biyu. Masu jira a waje su sani cewa daɗewa ba alamar matsala ba ce, haka aikin yake.

Makonnin farko

Daga ɗakin tiyata sai ɗakin kulawa ta musamman. Wanda ya shiga dubawa a ranar farko hantarsa za ta kaɗa idan ba a shirya shi ba: zai ga majinyaci da robar numfashi a baki, wata a hanci, wata ta fitsari, wasu biyu ko uku suna fitar da ruwa daga ciki, ga jiki a kumbure, ga na'urori suna ƙara. Duk wannan abin da aka saba ne. Yawanci ana cire robar numfashi cikin yini ɗaya ko biyu, kuma ba da jimawa ba ma'aikatan jinya za su zaunar da shi, su tsayar da shi, su sa shi tari da jan dogon numfashi ko da yana jin zafi. Ba rashin tausayi ba ne, wannan ne ke kare shi daga ciwon huhu da daskarewar jini a ƙafa. Wasu kan yi ƴan kwanaki suna ruɗewa ko mafarkai marasa daɗi saboda magunguna da rashin barci, kuma yakan wuce.

A waɗannan kwanaki kullum ana ɗibar jini ana kuma duba jijiyoyin hanta da hoto. Abubuwan da likitoci ke tsoro su ne zubar jini a ciki, toshewar ƙaramar jijiyar nan da aka ɗinke, yoyo ko tsukewar hanyar ruwan ɗaci, da kamuwa da ƙwayoyin cuta. Wani lokaci sai an koma ɗakin tiyata a gyara. Akwai kuma abin da ake kira ƙin karɓa, wato garkuwar jiki ta gane hantar baƙuwa ce ta far mata. Wannan yakan samu mutum ɗaya zuwa uku cikin goma a watannin farko, kuma sau da yawa gwajin jini ne ke nuna shi tun mutum bai ji komai ba. Akan tsakuro ɗan mitsitsin yanki na hantar da allura a duba, sannan a ƙara magani. Idan an gano shi da wuri, kusan kullum yana jin magani, don haka jin wannan kalma kada ya sa a yanke ƙauna.

Idan komai ya tafi daidai, akan sallami majinyaci bayan mako biyu zuwa uku. Amma sallama daga gado ba izinin hawa jirgi ba ne. Sai an zauna kusa da asibitin makonni da dama, sau da yawa wata biyu ko uku, ana zuwa gwaji sau biyu a mako. Dole a sa kuɗin masauki da abinci da na mai jinya na wannan lokaci a cikin lissafi.

Maganin da ba a ajiyewa

Jiki ba ya taɓa mantawa cewa hantar ba tasa ba ce. Saboda haka wanda aka yi wa dashe zai sha maganin danne garkuwar jiki muddin ransa. Mafi shahara shi ne takrolimus, wanda yawanci ake sha sau biyu a yini, awa goma sha biyu tsakani, a lokaci guda kullum. A farko ana haɗa shi da mikofenolat da prednizon, da wasu magunguna na kariya daga cututtuka, sannan a riƙa ragewa a hankali. Wanda nau'in B ne ya kai shi ga dashe zai ci gaba da shan tenofobir ko entekabir, in ba haka ba ƙwayar za ta dawo ta kama sabuwar hantar.

Takrolimus magani ne mai ƙunci: idan ya yi kaɗan a jini hanta ta shiga hatsari, idan ya yi yawa ƙoda ta shiga. Shi ya sa ake auna yawansa, kuma ana ɗibar jinin da safe kafin a sha na ranar. Yakan kawo rawar hannu, ciwon kai, hawan jini da ciwon sukari. Prednizon yakan kumbura fuska, ya buɗe ciki, ya sa saurin fushi. Duk wanda ya ga irin waɗannan ya gaya wa likita a daidaita masa, kada ya rage da kansa. Ɗaya daga cikin abubuwan da ke kashe dashe bayan shekara ɗaya ko biyu shi ne mutum ya ga ya murmure, ya yi ƙiba, ya koma kasuwa, sai ya ce ai na warke, ko kuɗi su yanke ya fara tsallake kwanaki.

Akwai abubuwan da ke karo da wannan magani waɗanda suka shafe mu ƙwarai. Rifamfisin, wanda ke cikin maganin tarin fuka, yana zubar da ƙarfin takrolimus sosai. Wasu magungunan kashe ƙwayoyin cuta kamar eritromisin da fulukonazol suna hauhawar da shi. Magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diklofenak suna cutar da ƙoda. Babban lemun nan mai ɗaci da ake kira pampalamus an hana shi gaba ɗaya. Jiƙe-jiƙe da sassaƙe da garin magani, komai amincin mai bayarwa, ba a san abin da za su yi wa hanta ba, don haka a bar su. Haka nan ba a sayen maganin dashe a tebur ko a hannun masu yawo da shi, ba a sauya kamfani sai da sanin likita, kuma ba a barin sa cikin mota ko ɗakin kwano a lokacin bazara. Duk asibitin da aka je, ko don ciwon haƙori ne, kalmar farko ita ce: an yi mini dashen hanta.

Zama a gida

A watanni uku na farko garkuwar jiki tana ƙasa ƙwarai. Dubiya al'adarmu ce kuma ibada ce, amma ɗaki cike da mutane ana musabaha ana tari hatsari ne ga wannan majinyaci. Maigida ya yi wa jama'a bayani cikin ladabi: a gaisa daga nesa, a yi addu'a a taƙaice, mai mura ya aiko da saƙo. Ruwan sha a tafasa shi ko a sayi mai tsabta. Nono da madarar da ba a dafa ba a ƙaurace musu, nama da ƙwai su dahu sosai, ganyen da ake ci ɗanye da abincin bakin hanya a jinkirta su. A nisanci ƙurar rumbu da ta gini da sharar akurkin kaji da ɗakin tattabaru, domin akwai funfuna a cikinsu da ke kama huhu. A kwana cikin gidan sauro kullum. Kada a ɗauki abin da ya wuce kilo biyar har sai rauni ya yi wata biyu zuwa uku. Mafi yawan mutane suna komawa aikinsu tsakanin wata uku da shida.

Zazzaɓin da ya kai digiri 38, rawayar ido, fitsari mai duhu, farin kashi, ƙaiƙayin jiki, zawo, ko aman da ya hana magani zama, kowannensu dalili ne na zuwa asibiti a ranar, ba a jira gobe. Kada a ce zazzaɓin cizon sauro ne kawai a sayi magani a sha. Allurar rigakafi mai ɗauke da rayayyar ƙwaya, kamar ta zazzaɓin shawara da ta ƙyanda, ba a yi wa wanda aka yi wa dashe, don haka mai shirin tafiya ya nemi takardar uzuri daga likita. Mace tana iya haihuwa bayan dashe, amma ana so ta jira aƙalla shekara guda, kuma sai an sauya mata mikofenolat tun kafin ta ɗauki ciki domin yana cutar da ɗan tayi.

Ta fuskar ibada addini ya yi sauƙi. Mai sabon ɗinki yana salla a zaune ko a kishingiɗe, ya yi taimama idan ruwa zai cutar da shi. Azumi kuwa likitoci sukan hana shi a shekarar farko. Bayan haka wanda gwajinsa ya daidaita yana iya neman izinin likitansa, a tsara masa shan magani tsakanin sahur da buɗa-baki. Wanda aka ce ƙishirwa za ta taɓa masa ƙoda, musamman idan azumi ya faɗo cikin zafi, ya karɓi rangwamen da shari'a ta yi masa, ya tambayi malami hukuncin ramuwa ko ciyarwa. Aikin Hajji ma a jinkirta shi har sai likita ya amince.

Lissafi kafin tafiya

Tun ran gini tun ran zane. Kafin a sayar da kadara, iyali su zauna su amsa waɗannan tambayoyi. Wane likitan hanta ne zai karɓi majinyaci idan ya dawo, kuma ya yarda zai riƙa magana da waɗanda suka yi aikin? A ina za a riƙa auna takrolimus, a garinmu ko sai an aika jini babban birni ko wata ƙasa? Daga ina maganin zai riƙa zuwa ba yankewa, nawa ne a wata, kuma wa ya ɗauki nauyinsa shekara bayan shekara? Idan matsala ta taso aka ce a koma, akwai abin da aka ajiye? Wa zai riƙe gidan mai bayarwa a watannin da ba ya aiki? Shi ma asibitin a tambaye shi dashe nawa yake yi a shekara, nawa ne ke cika shekara guda a hannunsa, kuma me kuɗin da ya faɗa ya ƙunsa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Idan dangi da ƴan unguwa da jama'ar masallaci za su taimaka, ya fi amfani wasu su ɗauki alkawarin maganin wata-wata maimakon a tara komai a rana guda a watse.

Daga ƙarshe, gidan da aka samu mutum guda da wannan ciwo, to gemun ɗan uwa ne ya kama wuta, sai kowa ya shafa wa nasa ruwa. Mata da miji da ƴaƴa da ƴan uwa duk su yi gwajin nau'in B da C. Wanda ba shi da B ya yi allurar rigakafi. Wanda ke da ita ya riƙa ganin likita, domin akwai maganin da ke danne ta ya hana hanta lalacewa. Nau'in C kuwa yanzu ana warkar da fiye da kashi 95 cikin 100 na masu shi da ƙwayoyin da ake sha mako 8 zuwa 12. Jaririn da ya kamu da nau'in B a lokacin haihuwa, tara cikin goma sukan zauna da ita har girma, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a yi wa kowane jariri allurar farko cikin awa 24 da haihuwarsa, sannan a cika sauran a mako na 6 da na 10 da na 14. A daina tarayya a aska da reza da allura, a kuma zubar da gyaɗa da masarar da suka yi funfuna, domin gubar da ke cikinsu tana haɗuwa da nau'in B ta haifar da sankara.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya saka wa masu jinya da masu bayarwa da alheri, ya kare mu da zuriyarmu. Amin.